Haɓar Auta

Auta na ninke kayan wanki a falo, Anti Babba ta shigo ko zama ba ta yi ba ta dangwarar da waya a kan tebur. Ita ce yayar Injiniya, saurayin da Auta za ta aura. Shi kuwa gogan yana biye da ita, sai sunkuyar da kai yake kamar marar gaskiya.

“Duba nan, amaryarmu.”

Hoton da suka ɗauka ne na shirin biki. Ga Injiniya, ga rigarta, amma fuskar ba tata ba ce. An ja mata haɓa ta yi tsini.

“Ni na sa mai hoto ya yi editin,” in ji Anti Babba, “na kuma tura guruf ɗin dangi, kowa na ta yabo. To kin ga ba za mu kai musu wata fuska daban ba. Na yi magana da likita, ɗan roba zai saka miki ta cikin baki, ko tabo babu.”

Auta ta ɗago daga kallon hoton. Tun tana firamare ake tsokanarta da ƙaramar haɓa, ba ta taɓa jin zafi irin na yau ba. Ta juya ga Injiniya.

“Kai ma da bakinka a ciki?”

“Sori, Auta... ki daure mana, a zauna lafiya.”

“A zauna lafiya? A yanka min fuska don in yi kama da ƙaryar da yayarka ta yi — shi ne zaman lafiya?”

Hayaniyar ce ta fito da Baba daga ɗaki, yana laluben bango. Ya daɗe da rasa idanunsa, tun kafin rasuwar mahaifiyar Auta.

“Auta, matso in gan ki.”

Haka yake cewa kullum. Ta durƙusa, ya kai hannu ya riƙe haɓarta, ya ji ta jiƙe da hawaye.

“Duk 'ya'yana ita kaɗai ta ɗauko haɓar uwarta,” ya ce a hankali. “Hoto ba ya min amfani. Nan kaɗai nake ganin marigayiya.”

Ko dutse ne ya ji wannan ya yi laushi, amma ban da Anti Babba. Ta taɓe baki ta ce, “Allah ya jiƙan ta. Amma mu masu ido ne za mu zauna da ita. Ko tiyata, ko a fasa.”

Auta ta miƙe. “To a fasa. Ga ƙofa nan.”

Injiniya ya bi yayarsa zugui-zugui. Wallahi namiji har namiji, amma a ranar bai iya musa mata ko da kalma ɗaya ba.

Abin da ya biyo baya ba daɗin faɗa. Anti Babba ta baza a dangi cewa yarinyar ba ta da kunya, har korar su ta yi. Ƙawayen Auta suka ce ta shiga waya ta rama, ta ƙi. Wasu suka ce ta yi tiyatar mana, miji irin wannan ba a titi ake tsinta ba, nan ma ta ƙi. Tana son sa, ba ta ɓoye wa kanta ba. Ta kan shige banɗaki ta saki famfo ta yi kukanta don kada Baba ya ji, ta wanke fuska ta fito ta ba shi magani.

Wata safiya sai ga Injiniya shi kaɗai, duk ya rame. Ta tare ƙofa.

“Ranar da aka ci mutuncina a gaban ubana, ina bakinka yake?”

“Tsoro ne, Auta. Ita ta raine ni, ban taɓa ce mata a'a ba. Jiya na ce.”

“Ka ce me?”

“Na tara dangi gaba ɗaya, na ce fuskar da na gani na so ita zan aura. Anti ta rantse ba za ta zo bikin ba, kuma in manta ina da yaya.”

“Sai ka ce?”

“Na ce ba zan manta da ita ba, amma ba zan fasa ba.”

Har lokacin ran Auta na tafasa. Duk da haka ta matsa gefe.

“Ba ni za ka fara ba haƙuri ba. Yana ciki.”

Ya cire takalmi ya shiga, ya zube a gaban tsohon.

An yi biki, Anti Babba ta cika rantsuwarta, kujerarta ta wuni babu kowa. Abin ya yi wa ango ciwo ƙwarai, amma bai saki hannun amaryarsa ba.

'Yan mata, ku ji da kyau. Haƙuri shi ne ki riƙe bakinki a lokacin da ake yaga ki, ba ki miƙa fuskarki a yanka don wani ya fita kunya ba. Wanda duk yake son ki da gaske zai iya ɓata da duniya a kanki, amma ba zai raka ki ɗakin tiyata don farin cikin guruf ba.