Sunan Da Tukur Ya Ƙi Faɗa

"Ke da kike karanta takardar ƙunshin gishiri, me ta ce miki?"

"Ta ce an yi ruwa a Kaduna. Sauran labarin gishiri ya cinye," Bintu ta amsa, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Haka suka haɗu a kasuwar Gaya, a rumfar mahaifinta Malam Bunu, mutumin Gafasa. Tukur ɗan ƙauyen Balan ne, ya zo hutu daga Legas inda yake koyon aikin jarida. Ranar nan sau uku ya sayi gishiri.

Da ya koma sai wasiƙa ta zama hirarsu.

"Hasken idona, yau mun karanta dokar ɓata suna, da yadda a wasu ƙasashe gwamnati ke riƙe da jarida, a wasu kuma 'yan kasuwa. Ɗakina ba kowa sai littattafai da ƙarar motoci. Ina ma kina nan ki yi mini gardama."

Bintu takan karanta har takardar ta yi laushi.

Shekarar da aka yi fari aka kawo hatsin agaji Gafasa, Barau ƙanin Malam Bunu ya kulle shi a ɗaki ya ce bai iso ba. Tukur ya zo hutu, wani ya tsegunta masa, ya bincika, ya nemi jin ta bakin Barau, sannan ya rubuta. Labarin ya fito, aka raba hatsi, kunya kuma ta sauka a gidansu Bintu.

Inuwa, wanda ya daɗe yana neman Bintu ba ta kula shi, ya shiga yaɗawa cewa ita ce ta tona asirin baffanta. Ƙawayenta suka ɗauke ƙafa. Ko a bakin rijiya, tana isowa hira ke mutuwa.

Malam Bunu ya aika wa Tukur saƙo: ya faɗi wanda ya gaya masa, ko ya manta hanyar gidansa.

Bintu ta rubuta da hawaye. "Ban ce ka faɗi sunan ba. Ka dai ce ba ni ba ce."

Amsar ta zo bayan mako uku.

"Bintuna, in na ce ba ke ba ce, gobe za su tambaye ni ko Hanne ce, jibi ko Hansai ce, su bi mutanen gidanku kaf har ya rage mutum ɗaya. Na yi wa mai maganar alkawari, kuma abin da aka fara koya mana ke nan. Wallahi ban taɓa jin zafin karatun nan ba sai yau. Ki yafe mini."

Wata huɗu ba ta ba shi amsa ba. Shi kuwa kullum sai ya leƙa gidan waya ya dawo hannu biyu.

Da ya gama karatu, kai tsaye ya nufi zauren Malam Bunu ya durƙusa. Bintu na bayan ƙofa tana saurare.

"Ka zo da sunan?"

"Baba, ku yi mini afuwa. Ban zo da shi ba."

"Ko da za ka rasa ta?"

Tukur ya ce, "Ko da zan rasa ta."

Sai ga ƙarar sanda. Hajja Gaji, mahaifiyar Malam Bunu, ta shigo tana dogarawa.

"Bunu, ni ce. Ni na haifi Barau, ni na kai ƙararsa, don na ga yaran maƙwabta suna kwana da yunwa. Tsoron bakin mutane ya sa na bar jikata da wannan kaya. Allah ya yafe mini." Ta juya ga Tukur. "Kai kuma mijin nawa, wannan taurin kai a makaranta aka koya maka?"

"A gida na fara, Hajja."

Malam Bunu ya ɗaga murya yadda ta bayan ƙofa za ta ji.

"Wanda ya riƙe amanar uwata zai riƙe 'yata. Ka turo manyanka, bayan Sallah za a ɗaura. Allah ya yi muku albarka."