Fuskar Mai Kwano

Ruwan sama ne ya haɗa su, irin ruwan Jos na watan Yuli mai zuwa da ƙanƙara ba sallama. Shekarar 2005 ce, lokacin da duk mai Nokia mai tocila yake tafiya kamar shi ya ƙera ta.

Ummusalma ta faɗo shagon ɗab'in Oga Romanus da gudu, ta rungume wata babbar ambulan a ƙarƙashin hijabi. Ita ta jiƙe sharkaf, takardun kuwa ko ɗigo bai taɓa su ba. A kan benci ta tarar da wani dogon saurayi da fensir a bayan kunne, yana hura hannuwansa saboda sanyi.

Ya dube ta, ta dube shi. Fensirin ya faɗi ƙasa, bai ma sani ba.

"Yauwa, ku biyu ya zo," in ji Oga Romanus da Hausarsa ta kasuwa. "Badruddeen, ga Ummusalma, shi ne yana zana Mai Kwano. Ummusalma, ga mai Kaftin Acaɓa."

Ƙananan kwamik biyu ke nan, wato labarai cikin zane, da shagon yake bugawa duk wata, yara suna karɓa hannu da hannu har bango ya yage. Kaftin Acaɓa dogo ne mai babur mai tashi sama, zanensa siriri, kowa a cikinsa kyakkyawa. Mai Kwano kuwa gajeriya ce mai kauri, da tabo a girar hagu, da ɗamara, da kwanon ɗaukar kuza a ka. Daga tafkunan Naraguta take fitowa ta ceci wanda ruwa ya ja, ta koma ba ta ce uffan ba.

Abin da masu karatu ba su sani ba, Mai Kwano kakar Ummusalma ce, marigayiya Balaraba, wadda ta yi ƙuruciyarta tana dakon kuza a ramukan ma'adinai. Har ta koma ga Allah ba ta taɓa tsayawa gaban mai hoto ba. Fuskarta ba ta rage ko'ina ba sai a yatsun jikarta. Shi ya sa mahaifin Ummusalma, Malam Datti tela, ya ƙyale ta da zane, yana kuma ɓoye kowace fitowa a ƙasan durowar kekensa.

"Kurosoba za mu yi," in ji Oga Romanus. "Jarumi biyu, littafi ɗaya. Mai son wannan zai saya, mai son wancan zai saya."

Jarrabawar jami'a ta matso wa Ummusalma, don haka aka raba aiki: ita ta rubuta labarin, shi ya zana duka. Ta miƙa masa tsofaffin shafukanta don ya ga yadda Mai Kwano take. Ya karɓa da hannu biyu, amma in za a faɗi gaskiya, ba takardar yake kallo ba.

Da yamma wayarta ta yi ƙara.

"Salam Malama Ummu. Badruddeen ne. Ina da tambaya kan shafi na uku."

"Wa alaikas salam. Ai ban rubuta shafi na uku ba tukuna."

"To ina da tambaya kan ko kin isa gida lafiya."

Ta yi dariya har ta kife wayar a kan filo. Daga nan aikin ya riƙa buƙatar tambayoyi fiye da kima. Yakan jira ta a bakin ƙofar jami'a da yogot ɗin Vom mai sanyi, a garin da sanyi yake sa mutum haɗa haƙora, ita kuma ta shanye don kada ya ji kunya. Kafin damina ta ɗauke, ta koma Salmata, shi ya koma Kaftin.

"Salmata, yau na zana ido tun safe, duk wanda na yi sai ya kalle ni irin kallonki."

"Kaftin, ka mai da hankali kan aiki. Amma kar ka daina."

Sau da yawa ta so ta gaya masa ko wace ce Mai Kwano, sai kunya ta hana ta. Tana ganin mai zane irinsa zai gane da kansa cewa ba a ƙirƙirar tabo irin wannan.

Ranar da littafin ya fito, Badruddeen ya kawo mata kwafin farko yana murmushi har kunne. Ta buɗe, murmushinta ya tsaya.

Mai Kwano ta yi tsawo. Ɗamara ta koma mayafi mai kaɗawa, kwanon ya ƙanƙance kamar na cin ɗanwake, tabon ya ɓace. Fuskar kuwa ta Ummusalma ce sak, har da ɗan wushiryarta. Da shafuka suka yi kaɗan, an datse ƙarshen da ta rubuta: Kaftin ne ya tsamo Mai Kwano daga tafki, ya ɗora ta a bayan babur tana riƙe da shi.

"Ya kika gani?" ya tambaya.

"Ya yi kyau," ta ce, ta juya ta shige gida kafin ya ga hawayenta.

Kafin sati ya zagayo, yaran unguwa suna binta da kiran Mai Kwano. Jabir mai sayar da waya, wanda ya daɗe yana aiko mata da katin kira da ba ta roƙa ba, shi ya ɗauki littafin ya kai shagon Malam Datti, wai don ya sa albarka.

Malam Datti ya dawo gida tun kafin la'asar, abin da bai saba ba.

"Na bar ki kina zane ne don ina ganin uwata duk wata," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Yanzu an cire ta, an sa 'yata a bayan babur ɗin wani, ana tallarta a kasuwar Taminus. Yaron nan kada ya sake taka min ƙofar gida. Zanen ma ya isa haka."

"To, Baba," ta ce. Abin da yake ci masa rai shi yake ci mata.

Saƙon Badruddeen ya shigo da magariba.

"Salmata, me na yi? Wallahi abin da idona yake gani na zana. Na so duk garin nan ya san babu wadda ta fi ki."

Ta mayar masa da amsa.

"Ka zana ni, ka goge kakata. Ba ta da hoto ko ɗaya, Kaftin. Nan kaɗai take."

Ta kashe wayar.

Abin haushin, littafin ya ƙare a kasuwa. Oga Romanus ya ce daga yanzu sabuwar Mai Kwano za a riƙa bugawa, tunda mutane ita suke nema, kuma Badruddeen ne zai ci gaba da ita. Badruddeen ya ce ba zai iya ba.

"Kai yaro, soyayya ya taɓa kanka," in ji Oga Romanus. Bai yi ƙarya ba.

An hana shi ƙofar gida, amma ba a ambaci shago ba. Washegari ya je ya durƙusa a gefen keken Malam Datti ya gaishe shi. Tsohon ya amsa a taƙaice, ya ci gaba da taka keke. Ya dawo gobe, ya dawo jibi, har maƙwabta suka ɗauka sabon ɗan koyo ne.

Wata rana Malam Datti ya tsayar da keken.

"Me kake nema?"

"Baba, labarin Inna Balaraba nake so ku ba ni. Na yi mata laifi ban san ta ba."

Tsohon ya fara, kamar mai magana da allura. Ya faɗi yadda take fita da asuba ƙafa ba takalmi, da yadda gefen kwano ya tsaga mata gira ranar da ta janyo wata abokiyar aikinta daga ramin da ya rufta, ta ɗaure da gefen zani ta koma aiki. Badruddeen yana ji yana zanawa. Ya miƙa takardar.

"Ba ita ba ce."

Ya sake, ya ƙara kauri, ya zurfafa tabon.

"Wannan wata mai fushi ce. Inna ba ta fushi, gajiya ce a idonta."

Badruddeen ya naɗe takardunsa ya yi sallama. Ya ɓace kusan wata guda, har Jabir ya fara zancen turo magabata.

Da ya dawo, da ambulan ya zo. Malam Datti ya zaro shafukan yana dubawa. Labarin haɗakar ne aka sake zanawa daga farko, yadda Ummusalma ta rubuta shi. Ga Kaftin, ga duwatsu, ga tafki, amma duk inda Mai Kwano ya kamata ta tsaya, farar takarda ce ba ko ɗigo. A shafin ƙarshe babur ya nutse, Kaftin yana cikin ruwa har wuya, ya miƙa hannu sama zuwa wani babban fili da babu kowa.

"Baba, hannuna bai san ta ba," in ji Badruddeen, kansa a ƙasa. "Hannu ɗaya ne ya san ta. Na bar mata wurinta. Ko ba a ba ni Ummusalma ba, don Allah a bar ta ta dawo da Inna."

Malam Datti ya rufe shago ya tafi gida da ambulan ɗin. Ya shimfiɗa shafin ƙarshe a gaban 'yarsa, ya zauna a kan tabarma.

"Cike min."

Ummusalma ta dubi hannun nan da yake miƙe, ta gane yatsun Badruddeen ne. Ta ɗauko alƙalaminta mai kauri. Ta fara da kwano, sai ɗamara, sai gira da tabonta, sai gajeren hannu mai ƙarfi da ya damƙi wuyan hannun Kaftin. Da ta ɗago, Baba yana share ido da gefen hularsa.

"Kunna wayarki," ya ce. "Yaron nan ya cika min shago da zama."

Saƙo ɗaya ta tura.

"Kaftin, an tsamo ka."

"Alhamdu lillahi. Salmata, kar ki sake ni."

Oga Romanus ya yi ta mita cewa zanen bai dace ba, ɗaya kauri ɗaya siriri, kamar an ɗinka riga da yadi biyu. Ya buga duk da haka, kuma haka aka ci gaba: takarda ta fara zuwa hannun ɗaya, ya bar wa ɗaya wurinsa. Mai Kwano ta koma gajeriyarta, ta koma shirunta.

An ɗaura aure bayan ƙaramar Sallah ta shekarar da ta biyo, da safe, kowa cikin rigar sanyi a ƙarƙashin babbar riga. Jabir ma ya zo, ya ci shinkafa fiye da 'yan uwan ango. Kalandar bikin da Oga Romanus ya buga kyauta ba ta da hoton amarya da ango. Shafin ƙarshen nan ne a jiki, hannu cikin hannu.

Da aka zo tafiya da amarya, su biyun suka durƙusa gaban Malam Datti. Ya dafa kan 'yarsa, ya riƙe hannun angon.

"Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zuri'a ɗayyiba. Yadda kuka bar wa juna wuri a takarda, ku bar wa juna a gida."

Motoci suka tashi, gida ya yi tsit. Tsohon ya ɗauki kalanda ɗaya ya rataye a ƙusar da ke saman gadonsa, wadda ta shekara da shekaru tana jiran hoto. Ya sa yatsa ya shafa tabon girar.

"Inna," ya ce a hankali, "kin ga auren jikarki."