Umoru Ɗan Dako Ne

"Sake karanta mini wurin nan!"

Mma Lariya ta tura ɗan littafin gaban jikarta Hikma tana huci. Jiya aka yi addu'ar arba'in ɗin mijinta Umoru a nan unguwar Alabar, aka raba wa jama'a ɗan littafi mai hotonsa da tarihinsa. Ɗansu Malam Shamsuddin, uban Hikma, mai makarantar Islamiyya, shi ya rubuta. Lariya ba ta taɓa shiga aji ba, hoton kawai ta gane. Sai yau da hantsi ta ce a karanta mata.

Hikma ta maimaita a hankali: "Marigayi ya fito daga gidan malamai, ya ƙare rayuwarsa tsakanin karatu da kasuwanci..."

"Wane marigayi? Nawa?"

"Kaka..."

"Ei! Umoru malami? Mutumin da ya sauko daga ƙasar Moshi da riga ɗaya, ya yi dako a kasuwa har gashin tsakar kansa ya ƙare? Sun binne shi a ƙasa, yanzu kuma sun zo su binne shi a takarda!"

Hikma ta sunkuyar da kai, sai ga hawaye. Lariya ta san ba na mamaci kaɗai ba ne. Tun kafin rasuwa Shamsuddin ya hana Fadil, saurayin yarinyar, turo manyansa. Laifinsa kuwa, ɗan unguwar Moshi Zango ne, yana tuƙa piragiya, babur ɗin haya mai ƙafa uku, wai ba shi da asali.

"Share majinar nan ki ɗauko biro da takarda. Ni zan faɗa, ke ki rubuta. Jikokina har da waɗanda ba a haifa ba sai sun san kakansu."

Ta gyara zama ta fara. "Rubuta: Umoru ɗan dako ne. Karatunsa bai wuce abin da zai yi salla da shi ba. Me kika sa?"

"Na sa... Umoru ya yi hidimar sufurin kayayyaki."

"Sufurin uwar wa? Mota gare shi? Dako na ce! A ka!"

"Kaka, Baba zai gani fa. Kullum cewa yake ina zubar masa da mutunci saboda Fadil. In ya ga wannan da hannuna, shi ke nan, na rasa su duka biyun."

Baƙin ciki ya kama Lariya. Maganar tana bakinta cike, amma sai ta bi ta hannun wani, kuma duk hannun da ta bi sai ya wanke ta ya goge kafin ta isa takarda. Ta dubi nata hannayen. Sun dafa wake da shinkafa a bakin titi har suka yi kanta, amma layi ɗaya ya gagare su.

Ana haka sai ga sallamar Shamsuddin, ya dawo daga makaranta.

"Mma, lafiya nake jin muryarki tun daga lungu?"

"Da ban haifi maƙaryaci ba da lafiya. Zauna!"

Ya ga littafin a tabarma, ya gane. Ya durƙusa yana sassauta murya. "Mma, rufin asiri na yi wa Baba. Manyan malamai sun zo, iyayen ɗalibaina sun zo..."

"Wane asiri? Sata ya yi? Duk Alabar wa bai san Umoru da gammonsa ba? Tsofaffin da suka karɓi littafin nan jiya, kana tsammanin ba dariya suke yi maka a ciki ba?"

"Haba Mma!"

"Karɓi biron daga hannun 'yarka, tsoronka ya hana ta. Kai da ka ɓata, kai za ka gyara. In ka canza mini kalma ɗaya, wallahi ban yafe ba."

Ya karɓa, fuska a murtuke.

"Rubuta. Ranar da na fara ganinsa ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya. Buhun shinkafata na shirin jiƙewa, ya tuɓe rigarsa ya rufa wa buhun, ya ɗauka har ƙofar gidanmu. Hausarsa ma a karkace take, mace ya ce mata kai, namiji ya ce masa ke. Na yi masa dariya har na riƙe ciki. Washegari ya dawo, wai ya zo a ƙara yi masa dariyar."

Hikma ta yi murmushi cikin hawaye.

"Rubuta. Ubana mai shago ne, jikan fataken Kano. Ya ce ba zai ba Bamoshe marar asali 'yarsa ba. Haka ya faɗa, Shamsu, kalmar nan taka ce sak! Na rame na zama kamar tsinke, sai da kawuna ya shiga tsakani aka ɗaura. Tun daga ranar har ya koma ga Allah, Umoru bai taɓa kirana Lariya ba. Sanyin idona yake cewa, ko a gaban surukai, ba ya jin kunya."

Biron Shamsuddin na tafiya, bai ɗago ba.

"Rubuta ranar saukarka ta Alƙur'ani. Shi ya kwaso bencunan zama a ka daga makaranta, ya yi ta safara yana zufa. Wani baƙo ya ɗauka ɗan aiki ne, ya daka masa tsawa wai ya matsa daga gaban malamai. Umoru ya matsa. Ya koma can baya yana washe baki, duk wanda ya wuce sai ya kama hannunsa ya ce, kin ji muryar nan? Ɗana ce!"

Biron ya tsaya. Ɗigon hawayen Shamsuddin ya faɗa kan takardar.

"Na gan shi, Mma... Daga inda nake zaune ina hangensa."

"To ka gan shi, don me ka ba jama'a wani mutum daban? Rubuta na ƙarshe, wannan na jikokina ne. Duk wanda ya zo neman aurenku, ku dubi sallarsa da guminsa da yadda yake yi muku magana in ransa ya ɓaci. Kakanku bai zo da komai ba, kuma ban taɓa kwana da nadama ba."

Ya rubuta, ya daɗe yana kallon layin.

"A buga shi a raba kamar na jiya," in ji Lariya.

"Mutane za su ce na yi ƙarya a na farko."

"Da me ka yi?"

Ya share fuska da hannun riga. Can ya juya wajen 'yarsa, murya a dishe. "Hikma... ki gaya wa Fadil ya turo manyansa bayan Mma ta fita takaba."

"Baba!" Ta faɗa jikin kakarta tana kuka da dariya a haɗe.

"Ɗaga ni, kar ki karya ni! Kai kuma miƙo biron nan."

Lariya ta goga tawada a babban yatsanta har ya yi shuɗi, ta danna shi da ƙarfi a ƙasan takardar. Ta tsura wa tabon ido, sai a lokacin nata hawayen suka zubo.

"Umoru, wannan dai da hannuna na sa maka."