Muryar da Ta San Sunan Fareeda

Kalsum, ƙawata, matso kusa. Abin da zan gaya miki a layinmu ya faru, nan Agege. Rabinsa da kunnena na ji, sauran daga bakin Mastura, ita da abin ya faɗa wa.

Kin san mijinta Shamsuddeen, mai ba da hayar lasifika a wuraren biki da suna. Ran nan tun la'asar ya kafa kayansa saboda walimar saukar Alƙur'ani da za a yi washegari. Manyan lasifikoki a ƙofar shagonsa, ƙananan masu siffar ƙaho kuma a saman falwaya suna kallon gabas da yamma. A cikin shagon akwai wani siririn akwati baƙi da ya sayo a kasuwar Alaba, yana ji da shi kamar ɗan cikinsa. Mai Gadi yake ce masa. Ya taɓa zaunar da Mastura ya nuna mata aikinsa. Murya in ta fito daga makirfo ta ratsa miksa mai daidaita sauti, sai ta bi ta cikinsa kafin ta isa amfilifaya mai ƙara mata ƙarfi. Shi ke raba ta, mai kauri ya tura wa manyan, siririya ya tura wa ƙahoni. In ƙara ta yi yawa sai jar fitila ta kama, ya danne ta, don kada zaren wayar da ke cikin lasifika ya ƙone. A gefe akwai maɓalli ɗaya da ya liƙe da baƙin salatif.

"Wannan shi ke sallamar Mai Gadi," in ji shi. "Kika danna, komai zai wuce ba birki. Lasifika kuwa in ta ƙone ta zama bebiya, ko aljani ba zai yi magana da ita ba."

Ya yi dariya, ita ma ta yi.

Da ya gama gwaji sai ya tafi Ijora karɓo wata waya. Gab da magariba Mastura ta aiki 'yarta Fareeda markaɗen tattasai wurin Iya Risi mai inji, tsallaken layin dogo. Yarinyar ba ta wuce shekara bakwai ba. 'Yar fari ce, don haka Mastura ba ta taɓa kama sunanta ba. Matan layi haifaffun Legas suna mata tsiya, wai kara irin ta kakanni, amma ita ko a jikinta. "Ke 'yar nan," haka take kiranta tun tana goye.

Aka kira salla, yarinya ba ta dawo ba.

Aka idar, shiru.

Mastura ta zari hijabi, ko takalmi ba ta tsaya nema ba. Iya Risi tana wanke injinta ta ce ai tuni ta sallame ta. A bakin layin dogo Mastura ta ga bokitin a kife, markaɗen ya malale a kan tsakuwa, ja wur. Ta leƙa shago-shago. Ta tare 'yan okada masu haya da babur. Kowa sai ya girgiza kai. Maƙwabciyarta Balkissa, 'yar Maraɗi mai sayar da fura, ita ta riƙo hannunta ta mayar da ita gida, ta kira mata Shamsuddeen a waya.

Yana cikin danfo, bas ɗin haya, a Oshodi, hanya ta cushe, ba gaba ba baya.

"Buɗe shago ki yi cigiya," ya ce. "Miksa za ki fara kunnawa, sai Mai Gadi, amfilifaya a ƙarshe. Kin ji? A ƙarshe. Kuma don Allah kar ki taɓa wurin salatif ɗin nan."

Ta yi yadda ya ce. Fitilu suka kama, kore-kore. Amma tun kafin ta ɗauki makirfo, jar fitilar Mai Gadi ta shiga ƙiftawa. Ta kama, ta mutu, ta kama, ta mutu, kamar wani na tura ƙofa ana danne ta daga ciki. Mastura ta gani, ba ta tsaya tunani ba.

"Jama'a, cigiya don Allah don Annabi. Yarinya ce, mai hijabi ruwan toka…"

"Faɗi sunanta mana!" Balkissa ta ce. "Yara nawa ke da hijabi ruwan toka a Agege?"

Mastura ta buɗe baki, harshe ya ƙi. Balkissa ta fizge makirfo ta faɗa da kanta: "Fareeda! Fareeda Shamsuddeen!"

Jar fitilar ta tsaya cak, a kunne. Can ta ci gaba da ƙiftawa, da sauri fiye da ɗazu.

Suka saurara. Ba komai sai rurin janareta a gidaje da hon ɗin motoci. Mastura ta karɓa ta ƙara ɗaga murya, har maƙogwaronta na zafi. Duk sanda ta kwarma ihu sai akwatin ya danne, muryar ta fito a daidaice, kamar ta mai sanar da ɗaurin aure. Wannan ba za ta tsallaka layin dogo ba. 'Yarta na can cikin duhu, ƙarfe kuma yana hana ta kuka.

"Abin nan shaƙe ni yake," ta ce.

Ta sa farce ta ɓanɓare salatif. Ta danna.

Abin da ta fara lura da shi, ƙarar janaretocin ta yi nisa, kamar an tura layin duka cikin rijiya. Wani sanyi ya shigo ta ƙasan ƙofa. Sai wari, irin na ruwan kwata da ya daɗe a kwance, haɗe da ƙamshin turaren wuta.

Makirfo na kan cinyarta. Bakinta a rufe.

Lasifikokin suka ja numfashi.

"Fareeda…"

Muryar Mastura ce. Ita sak, har da 'yar shaƙewar murar da take fama da ita. A hankali take magana, da lallashi, amma ta cika unguwa. Ni ina kan sallaya na ji ta, tsigar jikina ta tashi.

"Fareeda, fito mana. Ina bakin babbar kwata, bayan layin dogo. Taho, ruwan ba zurfi."

Kin san kwatar nan da damina. Babban mutum ma in ya faɗa sai dai a tsinto shi.

Balkissa ta dubi bakin Mastura. "Mastura," ta ce da raɗa, "ba ke ba ce."

Mastura ta sake danna maɓallin. Ya nutse, bai dawo ba. Ta zare wayar makirfo. Ta kashe amfilifaya. Ta fizge soket daga bango. Fitilu na nan a kunne.

"Yauwa, 'yar albarka. Na gan ki. Ƙara matsowa."

Wayyo, Kalsum. Uwa na zaune tana jin ana jan 'yarta da muryarta.

Ta ɗago kai ta dubi ƙofa. A gaban babbar lasifika akwai mace tsaye, ta juya baya, da hijabi irin nata. Ƙasan hijabin na ɗigar ruwa. Ƙafafu ba su kai ƙasa ba.

Nan maganar mijinta ta faɗo mata. In ta ƙone, bebiya ce.

Kayan nan su ne cinsu, su ne shansu. Ko daƙiƙa ba ta ba wa wannan tunanin ba. Ta mayar da wayar makirfo, ta tura kowane maɓalli na miksa har ƙurya, ta runtse ido, ta fita da makirfo a hannu tana A'uzu bi kalimatillahi. Ta ratsa ta cikin sanyin nan. Wani abu jiƙaƙƙe ya shafi kuncinta.

Ta manna makirfo a bakin lasifika.

Ƙara ta tsage sama. Tsuwa mai huda kunne, ta haɗu da wani ihu da ba na ƙarfe ba, ba na mutum ba. Ƙahon gabas ya yi tas. Na yamma ya bi. Manyan suka yi gurnani, suka yi tari, hayaƙi ya fito da ƙaurin ƙonanniyar waya.

Shiru.

Janaretoci suka dawo. Wani ɗan okada ya yi hon.

Mastura ta ruga layin dogo, ba makirfo, ba komai, sai muryarta da ta dishe.

"Ke 'yar nan! Ke 'yar nan!"

Daga ƙarƙashin teburin mai burodi, wanda ya tashi tun yamma, wani abu ya motsa. Fareeda ta rarrafo, jikinta duk ƙasa, ta ƙanƙame ƙafar uwarta. Tsakaninta da bakin kwata bai fi tsawon tabarma ba.

Sai da aka yi mata tofi ta sha ruwa sannan ta iya magana. Ta ce wata mata ce ta biyo ta daga wurin markaɗe, tafiyarta ba sauti, shi ya sa ta yar da bokiti ta ɓuya. Da ta ji kira ta fara fitowa, har ta kusa kwata, sai ta koma da gudu.

"Me ya mayar da ke?" Balkissa ta tambaya.

Yarinyar ta dubi uwarta. "Umma ba ta kiran sunana."

Shamsuddeen ya iso ya tarar da kayansa sun zama gawayi. Ya ɗauki 'yarsa ya rungume. Walimar da aron lasifikar masallaci aka yi ta. Daga baya ya kai nasa Alaba aka sake naɗa musu waya, maɓallin nan kuwa ya cire shi ɗungurungum ya toshe ramin. Matan layi sun daina yi wa Mastura tsiyar kara. Har yau in rana ta faɗi, ko ba a jona komai ba, jar fitilar Mai Gadi takan ƙifta, shi kuma sai ya ja ƙofar shago ya tafi masallaci.

Kalsum, yarinyar nan tana zuwa Islamiyya da 'ya'yanki, ba ta san mutane sun sani ba. Kin san bakin yara, yanzu sai su laƙaba mata suna. Don girman Allah ki bar shi a cikinki, ko maigidanki kar ya ji.