Rigar Amarya Marar Ƙulli

Ranar Asabar da hantsi Sanda na zaune a kicin ɗin su Horia, saurayinta, ta baje littattafai a gefen teburin da mahaifiyarsa, Tanti Floarea, ke naɗe nama da shinkafa a ganyen kabeji. Saura wata biyu Sanda ta rubuta jarrabawar ƙarshe a makarantar koyon jinya ta birnin Craiova, saura wata huɗu kuma bikinsu. Shekara uku ke nan tana shan wuya: motar asuba daga ƙauye, tsayuwar wuni a ɗakin majinyata, ga haddar sunayen magunguna masu karya harshe. Ta rame har zoben baikonta na yawo a yatsa.

Horia bakanike ne, yaron kirki, sai dai bakinsa ba ya riƙe magana. Ya shigo da baƙin mai a hannu, ya saci naɗi ɗaya ya jefa a baki.

"Mama, kin san surukarki soja za ta zama?"

"Horia!" Sanda ta daka masa harara.

"To mene ne? Ba ke kika nuna min fom ɗin ba? Ni fa har na fara koyon sara miki!"

Sanda ta juya da sauri. "Ba irin wanda kike zato ba ne, Tanti. Aikin jinya ne a sojan ajiya. Ina nan a asibiti da aikina, sati biyu kawai a shekara za mu je tirenin. Sai in an shiga wani hali za a kira mu. Ban ma sa hannu ba, tunani nake yi."

Tanti Floarea ta ajiye ganyen da ke hannunta a hankali.

"Da yunifom?"

"E, Tanti."

"Irin na Matei?"

Matei wan Horia ne, soja, wanda aka dawo da shi daga ƙasar waje shekara bakwai da suka wuce cikin akwatin da aka hana buɗewa. A wajenmu kuwa saurayin da ya mutu bai yi aure ba, ba a binne shi haka nan, sai an yi masa bikinsa. A kira makaɗa, a ƙawata ƙaramar bishiya da ƙyallaye, a nemo budurwa ta sa farin mayafi ta bi akwatin har kabari a matsayin amarya. Budurwar da aka nemo wa Matei ita ce Sanda, 'yar maƙwabta, tana da shekara goma sha shida. Gari ya manta, ita kanta ba ta cika tunawa ba. Amma uwa ba ta manta ba.

"Tashi in gwada ki," in ji Tanti Floarea. "Ni zan ɗinka rigar bikin."

Tela ce, shekara talatin tana sana'ar, tef ɗinta na awo na rataye a wuya. Amma ba ta taɓa shi ba. Farin zare ta warware, ta ɗora a tsakar kan Sanda, ta sauke shi har diddige, ta gutsure da haƙori. Ba ta auna ƙugu ba, ba ta auna kafaɗa ba.

Daga ranar gidan ya sauya. Madubin da ke zaure ya wayi gari a lulluɓe da tawul, kamar yadda ake yi a gidan rasuwa. Keken ɗinkin da maƙwabta suka saba jin ƙararsa ya yi shiru. Da tsakar rana Tanti Floarea kan shiga ɗakin Matei ta turo ƙofa, a ji tana magana ƙasa-ƙasa, ta yi shiru kamar mai sauraron amsa, ta ci gaba. Karen gidan ya daina wucewa ta ƙarƙashin tagar ɗakin.

Sati uku bayan haka Horia ya tare Sanda a tashar mota. Duk barkwancin nan nasa ya gudu.

"Sandi, don Allah ki yaga fom ɗin nan."

"Kai ne fa ka ce kana alfahari da ni!"

"Na faɗa. Amma Mama ta daina cin abinci. Ta ce Matei na zuwa mata a mafarki, ya tsaya a bakin ƙofa cikin yunifom, ya miƙo hannu. Ta ce amaryarsa ya zo nema."

"Kai ma ka yarda da wannan?"

"Ni ban san me na yarda da shi ba! Abin da na sani, na binne wana, ba zan binne uwata a kan takarda ba. In kika sa hannu — ba biki."

"Horia —"

"Ba biki, Sanda!"

Ya juya ya tafi. Ta shiga mota tana kuka, wata tsohuwa mai kwandon ƙwai na ta leƙa fuskarta har Craiova. Tana son Horia kamar ranta, tana kuma son aikin nan tun kafin ta san tana son shi. Ba ta yaga fom ɗin ba, ba ta kuma sa hannu ba. Ta cusa shi a tsakiyar littafi.

Da wata ce da ta ɗauke ƙafa daga gidan. To Tanti Floarea na da ciwon suga, da wani gyambo a ƙauri da ya ƙi warkewa, Sanda ce ke wanke mata shi kowace yamma. Ba ta fasa ba ko rana ɗaya. Ta sauko daga mota a gajiye, ta wanke hannu, ta durƙusa.

"Sannu da zuwa, Kyaftin," Tanti kan ce tana kallon bango. "Yau mutum nawa kika harbe?"

"Allura dai, Tanti. Mutum tara. Miƙo ƙafar."

Ni dai na sha ganin masu haƙuri, amma wanda ake yi wa baƙar magana yana wanke ruɓa bai ɗaure fuska ba, ba su da yawa. Sanda kan yi kukanta a hanyar gida, ta share, ta buɗe littafi.

Ranar da sakamako ya fito ta ci, har da yabo. Ta sauka a ƙauye da tsakar rana, ta nufi gidan su Horia da gudu. Ta yi sallama, shiru. Ƙofar ɗakin Matei na buɗe a karo na farko.

Rigar na shimfiɗe a kan gadonsa, fara tas, tsawon mutum. An naɗe hannayenta a kan ƙirji, dama bisa hagu. A ƙasanta an jera farin takalmin ƙyalle wanda ba a yi shi don taka ƙasa ba. Ɗakin da sanyi, alhali a waje rana na ƙona masara. Daga bango hoton Matei na kallon gadon.

Sanda ta ɗaga bakin rigar ta duba cikin ɗinkin. Hannu ne ya yi shi, ba keke ba. Ta bi layi ɗaya har ƙarshe, ta bi na biyu, na uku. Ba ƙulli ko ɗaya. Duk yarinyar da ta tashi a garinmu ta san tufafin da ake ɗinkawa ba ƙulli: na mamaci ne, don kada wani abu ya riƙe shi a hanya. Ta ja wani zare kaɗan, sai hannun rigar ya fara zamewa.

"Kar ki ja."

Tanti Floarea na tsaye a bayanta, ba ta ji shigowarta ba.

"Tanti... wannan ta binnewa ce!"

"Ta amarya ce. Duk ɗaya ne a gidan nan." Muryarta ba ta rawa, abin da ya fi tsorata Sanda ke nan. "Ni na yafa miki mayafin nan da hannuna. Tasa ce ke kafin ki zama ta Horia. Shekara bakwai bai gane ki ba, kin girma, kin sauya. Ranar da kika sa kaya irin nasa zai gane ki. To gara in shirya ki da kyau. Ke aƙalla zan gan ki, zan taje miki gashi."

Ƙafafun Sanda suka ce ta gudu. Amma shekara uku sun koya mata cewa mai faɗin abu mafi ban tsoro a ɗakin majinyata shi ne ya fi kowa jin tsoro. Ta kamo hannun matar, ta zaunar da ita a bakin gadon, ita kuma ta durƙusa a ƙasa kamar kullum.

"Tanti, in ya zo, me yake cewa? Da bakinsa."

"Ba ya magana."

"Ya taɓa kiran sunana?"

Tanti Floarea ta girgiza kai.

"Hannu kawai yake miƙowa... ba komai a ciki. Ba komai, Sanda!" Kuka ya ƙwace mata, irin wanda ba ta yi ba ko ranar binnewa. "Ba kyandir a hannunsa ya mutu! Kakarsa da kyandir a hannu ta tafi, ubansa ni na riƙe masa, amma ɗana a ƙasar wasu, ba wanda ya kunna masa! Cikin duhu yake yawo. Na kunna dubu a coci, na kunna a kabari, amma a lokacin da yake bukata ba ni nan! Yanzu kuma ke — ke ma ki je can ki mutu a duhu?"

Sanda ma hawaye take yi. "Tanti, kin san abin da babbar nas ta fara nuna mana ranar da muka shiga ɗakin majinyata? Ba allura ba ce. Wata 'yar durowa ce, da kyandir da ashana a ciki. Mutum huɗu na riƙe wa da hannuna, waɗanda 'yan uwansu ba su iso ba. Ranar da na bi akwatin Matei, mutane na ta kallon mayafina, ni kuwa abu ɗaya ke raina: wa ke kusa da shi? Ban sani ba har yau, ba kuwa zan yi miki ƙarya in ce na sani ba. Amma tun ranar na ce ina so in zama wadda ke kusa."

Tanti Floarea ta dube ta kamar yau ta fara ganinta.

"Ba zan sa hannu a bayan idonki ba," Sanda ta ci gaba. "Takardar na nan. In shekara ce zan jira, in goma ce zan jira. Miƙo ƙafar, jiya na ga ta fara haɗewa."

A haka Horia ya same su. Ya dubi rigar, ya dubi uwarsa, ya gane har inda abin ya kai yana can yana gyaran motoci. Ya durƙusa kusa da Sanda. "Ki yafe min, Sandi. Tsoro ne ya sa na yi miki ihu."

"Jeka wanke hannu tukuna, kar ka shafa wa rigar mutane mai," in ji uwarsa tana jan majina.

Washegari maƙwabta suka ji keken ɗinki na ruri tun safe, ana sake ɗinka rigar. Aka yi biki da kaka, amarya ta yi rawa har takalminta ya tsinke, ba zaren da ya zame. Sanda ta kama aiki a asibiti. Fom kuwa ya kwana a littafi duk tsawon hunturu, ba ta ko tayar da maganarsa ba, ko da ta ga abokan karatunta biyu sun sa hannu sun tafi. Wani lokaci abin kan ci ranta, ta haɗiye.

Sai da dusar ƙanƙara ta narke, wata Lahadi bayan an dawo daga coci, Tanti Floarea ta ajiye biro a gefen farantin Sanda.

"Ina takardar nan taki? Ko ɓera ya cinye?"

Ranar da za ta tafi tirenin na farko, ta fito tsakar gida cikin yunifom. Horia ya ƙame ya sara mata da hannun hagu, ta ce masa da a bariki ne da ya sha tsallen kwaɗo. Tanti Floarea ta daɗe tana kallon kayan, fuskarta ta yi fari, amma ba ta kau da kai ba. Ta matso ta buɗe jakar Sanda, ta cusa wani ƙunshi can ƙasa.

"Mama, mene ne wannan?" in ji Sanda.

"Kyandir ne, goma sha biyu, da ashana. Ki riƙa tafiya da su duk inda aka kira ki. Na 'ya'yan mutane ne." Ta ja zif ɗin, ta gyara mata kwala. "Ban sa naki ba. Naki na nan gidan, sai kin dawo kin tsufa."

'Yan mata, ba duk uwar da ta tare muku hanya ce ke ƙinku ba. Wata tsoro ne ya cika mata ciki har ya fito da kamannin ƙiyayya, kuma gardama ba ta warkar da tsoro. Da Sanda ta sa hannu a ɓoye, da ta samu aikin ta rasa gidan. Da ta yaga takardar, da ta samu gidan ta rasa kanta. Sai ta durƙusa ta tambaya, ta kuma jira, har uwar da ta ɗinka mata rigar kabari ta raka ta tasha da ƙafarta.