Kunkurun Paloma

Ranar da Paloma Robledo ta fara ganin Renato Macaraeg, a kwance ta same shi, rigingine, a tsakiyar hanyar da ta bi ta kwarin bayan unguwarmu a San Diego.

Hanyar mil uku ce kacal, duk inuwar itatuwan turare, amma tana da tudu uku da ke ƙure mutum. A gindin na biyu Renato ya zube.

Ta tsaya a kansa tana haki. "Kai, kana da rai kuwa?"

Ya buɗe ido ɗaya, ya ga kyakkyawar fuska a samansa, sai ya buɗe na biyun.

"Bishiyoyi nake kallo."

"Da harshe a waje?"

"Haka na fi ganinsu da kyau."

Dariya ta ƙwace mata, ta miƙa masa gorar ruwanta. Ya shanye tas, sannan ya faɗa mata gaskiya: a kemis yake aiki, likita ne ya ce ya rage tumbi, kuma yau ce ranarsa ta farko a gudu, ga dukkan alamu kuma ta ƙarshe.

"Gobe ƙarfe shida," ta ce. "In ban gan ka ba, har kemis ɗin zan zo in ba da labari."

Ya zo. Jibi ma ya zo. Tana gaba kamar iska, yana baya yana kiran sunayen waliyyai. Kafin wata uku saƙonni sun fara yawo tsakaninsu.

"Barewata, ƙafafuna sun ce in gaya miki sun ajiye aiki. Zuciyata ce kawai ta ce za ta zo gobe."

"Kunkuruna, ka ce wa zuciyar ta ɗauko ƙafafun. Ina kewarka."

Matsalar ita ce mahaifinta. Don Eusebio shekara talatin ya yi yana raba wasiƙu a ƙafa, yanzu yana da sittin da huɗu, kuma bai taɓa fashin zagaya kwarin ba. Ranar da Renato ya je gaishe shi, tsohon bai dubi fuskarsa ba, cikinsa ya duba.

"Wannan ne?"

"Apá, don Allah," Paloma ta ce wa mahaifin nata.

"Mija, 'yata, ga Garrett nan, yaro kamar doki, kofinsa na tsere bakwai. Ki rasa wanda za ki kawo min sai buhun shinkafa?"

Garrett ɗin wani dogo ne a ƙungiyar masu gudun unguwa, wanda ya daɗe yana neman Paloma. Ko hira yake da ita, rabin hankalinsa yana kan agogon hannunsa mai ƙirga bugun zuciya.

Renato ya ce, "Don Eusebio, aurenta nake so."

"To. Asabar ɗin farko ta watan Mayu, ni da kai, zagaye ɗaya. In ka riga ni fitowa bakin titi, ka turo iyayenka. In na riga ka, ka koma wajen ƙwayoyinka."

A mota Paloma ta yi kuka. Ta san mahaifinta ba ya janye magana, ita kuma ba za ta iya aure babu albarkarsa ba.

Ana saura sati biyar, Renato ya daina zuwa ranakun Talata da Alhamis, wai aiki ya yi yawa. Sai ga Garrett da hoto a waya, fuskarsa cike da tausayin ƙarya. Ta baya aka ɗauki hoton: Renato ne a tudu na uku, wata mace mai hula da jar riga ta riƙe masa hannu.

Nan take ta rubuta masa: "Ashe aikin naka jar riga yake sawa. Kada ka sake kirana Barewa."

"Wallahi ba abin da kike zato ba ne. Na yi rantsuwa ne ba zan faɗa ba."

"Sai ka auri rantsuwar."

Kira goma sha ɗaya ya yi, ba ta ɗauka ba. Ranar Alhamis da sassafe ta laɓe a bayan wata bishiya a tudu na uku, ta shirya kalaman da za ta zazzage musu. Ta jiyo nishinsa tun daga nesa, sannan ta jiyo muryar macen.

"Ɗaga gwiwa, malalaci! Mijina a gangare yake da rauni, a nan za ka cim masa!"

Paloma ta fito baki buɗe. "Amá?"

Doña Amparo, mahaifiyarta, ta ture hularta baya. "Ke kuma me kike yi a cikin ciyawa?"

"Rigata ce ma a jikinki!"

"Ai ba kya sawa. Matsa, kina ɓata mana lokaci. Shekara talatin da biyar ina jiran ranar da wani zai rufe wa ubanki baki."

Renato ya dafa gwiwa yana numfashi da ƙyar. Paloma ta matso a hankali ta goge masa zufa da hannun rigarta.

"Ka yafe min, Kunkuruna."

"Na yafe. Amma ki roƙar min mamanki ta bar ni in zauna."

Ranar Asabar rabin unguwa suka fito da kujerun naɗewa. Mahaifiyar Renato ta zo da tire biyu na lumpia, wani soyayyen naɗi mai nama a ciki, ta ce ko ɗanta ya faɗi, kada a ce ba su ciyar da jama'a ba. Garrett ya shiga gudun ba tare da an gayyace shi ba, ya ce zagaye biyu zai yi kafin su gama ɗaya.

Aka busa usur. Kafin tudu na farko Don Eusebio ya ɓace wa Renato. Renato ya ci gaba dai, ƙirjinsa kamar ana hura wuta. Da ya gangaro daga tudu na biyu sai ya tarar da tsohon zaune a ƙasa, ya riƙe idon sawu, fuska a murtuke. Saiwar bishiya ce ta harɗe shi.

"Garrett bai gan ka ba?"

"Ya gani. Wai agogonsa yana ƙirga, zai turo wani." Tsohon ya kau da kai. "Wuce mana. Ga hanya nan, ka ci."

Renato ya dubi hanyar. Rabin mil ya rage tsakaninsa da Paloma. Ya juya baya ya durƙusa.

"Hau."

"Ni? Bayanka? Gara kurege ya cinye ni."

"Don Eusebio, ƙafar nan tana kumbura. Hau, ko in kira Doña Amparo."

Ya hau.

Tudu na uku bai taɓa ganin irin wannan tafiya ba. Renato yana rangaji, tsohon yana ba da umarni ta saman kunnensa: "Hagu! Dutse! Kai, numfashi kake ko kukan jaki?" Da suka ɓullo bakin titi, jama'a suka miƙe da ihu. Ana saura taku ɗaya a kai layin ƙarshe, Don Eusebio ya miƙa hannu gaba iya tsawonsa.

"Hannuna ya riga shi! Kowa ya gani!"

"Da hannu ake gudu?" in ji Doña Amparo. "Sauko daga bayan surukinka, ka ishe shi."

Aka zaunar da shi, aka ɗora masa ƙanƙara. Ya daɗe yana kallon Renato, wanda Paloma ke yi wa fifita da murfin tire.

"Kai," ya ce a ƙarshe. "Gudunka abin kunya ne. Ka turo iyayen naka."

A watan Oktoba aka ɗaura aure a cocin unguwa. Dangin Macaraeg suka gasa alade guda, dangin Robledo suka kawo makaɗan mariachi, aka yi ta gardamar waɗanda suka fi iya rawa. Da lokacin jawabi ya yi, Don Eusebio ya miƙe da takarda shafi uku, ya karanta layi ɗaya, murya ta sarƙe. Ya ninke takardar, ya kama hannun 'yarsa ya saka a cikin na Renato.

"Barkonon nan ya yi yawa," ya ce yana share ido. "Mijo, ɗana, ga ta nan. Allah ya zaunar da ku lafiya, ya ba ku 'ya'ya masu zuciyar ubansu."

"Da ƙafar uwarsu!" Doña Amparo ta ɗaga murya.

Duk zauren ya amsa da amin.