Ranar da Alƙalami Ya Musanta Inna

Auta tana riƙe da hannun Inna a bakin zauren taron lokacin da mai gadi ya gitta musu sanda yana neman katin gayyata. Ba su da kati. Ta yi masa bayani cewa wannan tsohuwar ita ce mahaifiyar wanda ya rubuta littafin da ake ƙaddamarwa yau. Ya dubi silifas ɗin Inna, ya dubi hannuwanta da sabulu ya cinye, ya kau da kai yana dariya ƙasa-ƙasa.

Can sai ga marubucin ya fito.

Alƙalami, haka kowa ke kiransa tun yana makaranta, kuma shi ne mutumin da Auta ta yi shekaru tana so. Yau yana cikin baƙar kwat da ta matse masa wuya, takalminsa na ɗaukar ido. A gefensa ga 'yar Mai Benaye, attajirin da aka rubuta littafin a kansa, wadda ake ce wa 'Yar Gata.

Fuskar Inna ta washe. Ta ɗaga hannu za ta yi magana, amma 'Yar Gata ta riga ta.

"Su waye waɗannan kuma?"

Nan take Auta ta gane muryar. Ita ce ta kira ta a waya jiya, ta ce daga ofishin taron take, wai Alƙalami yana so a kawo mahaifiyarsa ta zauna a sahun gaba. Ashe tarko aka ɗana musu.

Alƙalami ya dubi uwarsa. Ya dubi Auta. Sannan ya juya ga 'Yar Gata ya ba ta amsa.

"Mai yi mana wanki ce a tsohuwar unguwarmu... ita kuma yarinyar, ita ke buga min rubutu."

Auta ta jira Inna ta fashe da kuka, ko ta ɗauke shi da mari. Sai ta ga tsohuwar ta rusuna wa ɗan da ta haifa.

"Ranka ya daɗe, murna muka zo taya ka. Allah ya sanya albarka."

Wannan rusunawar ce ta tayar wa Auta da zuciya. Ta ja hannun Inna suka juya, kuma ko titi ba su kai ba ta durƙusa a bakin kwata tana kakarin amai, Inna na shafa mata baya tana ba ta haƙuri, kamar Auta aka yi wa.

A shagon ɗab'i da Auta ke aiki suka fara haɗuwa da Alƙalami. Ita ke buga rubutu a kwamfuta, ita ke haɗa shafuka ta shafa gam, wani lokaci har injin yankan takarda take ja. Shi kuwa ya shigo ne da gajerun labarai a rubuce da hannu, rigarsa duk zufa, yana roƙon a yi masa rangwame. Ta fara bugawa don aiki, ta ƙarasa tana share hawaye. Labaran masu gyaran takalmi ne da direbobi da mata masu wankau, ya rubuta su kamar ya shiga cikin zuciyarsu ya zauna. Kafin ta ankara ta faɗa sonsa. Yana kiranta Tauraruwata, yana raka ta gida a ƙafa, suna tafe yana karanta mata abin da ya rubuta har su kusa faɗawa rami.

Gidansu Auta ba wanda ya so shi. Yaya Babba ya ce shi bai taɓa ganin wanda ya dafa labari ya ci ba. Mama ta ce ɗan mai wankau ba zai iya riƙe mata 'ya ba. Auta ta toshe kunne, don ta san Inna, ta san ɗakinta mai ƙamshin sitaci da dutsen guga, ta san da wannan gugar aka yi wa Alƙalami karatu.

Maganganun sun ci Alƙalami fiye da yadda ta zata. Ya daina labarin masu gyaran takalmi, ya koma rubuta na samari masu jiragen sama da gidajen gilashi. Har ta yi masa tsiya ta ce jarumansa sun fi shan lemo a otal fiye da yin magana, bai yi dariya ba. Ya ce ya gaji da rubuta talauci, ya gaji da zama cikinsa.

Sai Mai Benaye ya neme shi ya rubuta masa tarihin rayuwarsa. Aka ba shi mota, aka ba shi ɗaki a saman bene, aka koya masa cin abinci da wuƙa da cokali mai yatsu. Auta ce ta buga littafin da yatsunta, kowane shafi tana jin kamar ta taka ƙazanta. Mutumin da duk gari ya san yana korar masu haya da 'yan daba ya zama uban marayu. A bayan bangon littafin kuma, inda ake bayanin marubuci, Alƙalami ya ce shi ɗan wani babban ɗan kasuwa ne da ya rasu. Da ta yi masa magana sai ya riƙe hannunta ya ce duk don ita yake yi, kwalliyar kasuwa ce kawai, ta ƙara haƙuri kaɗan.

Ta ƙara, har zuwa bakin zauren nan.

Da ta koma gida ta faɗi abin da ya faru, ta zaci za a taya ta baƙin ciki. Yaya Babba, wanda da ko gaisuwar Alƙalami ba ya amsawa, ya ce ai manyan mutane haka harkarsu take, kada ta kuskura ta yi wasa da arziƙinta. Mama ta ce ita ma Innar da laifinta, wa ya ce ta je irin wannan wuri da silifas? Auta ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta ture kwanon abincinta ta tashi. Sai daga baya ta ji ashe Yaya Babba ya kwashe tarin guminsa ya sayi ɗaki a sabon benen Mai Benaye, ta hannun Alƙalami.

Alƙalami kuwa ya kira ta sau ɗaya. Bai tambayi Inna ba. Cewa ya yi me ya sa za su zo ba su sanar da shi ba, sun kusa zubar masa da mutunci.

Ta kashe wayar.

Ba ta daina zuwa wurin Inna ba. Takan biya bayan ta tashi aiki, ta taya ta ninke kaya, ta kai wa masu su. Inna ba ta taɓa tayar da zancen ba, sai dai ta rame, kuma duk motar da ta tsaya a lungu sai ta ɗaga labule.

Ba a rufe shekara ba asirin Mai Benaye ya tonu. Ashe ɗaki guda yake sayar wa mutane da yawa, a benen da ko rufi ba a yi masa ba. Kafin hukuma ta iso ya bar ƙasar da iyalansa, har da 'Yar Gata, wadda ko sallama ba ta yi wa Alƙalami ba. Aka ƙwace motar, aka garƙame ɗakin saman benen da kayansa a ciki. Tun da fuskar Alƙalami ce a tallace-tallacen benen, kuma littafinsa ne ya sa mutane suka saki jiki, shi aka riƙa tarewa a hanya ana cin kwalarsa. Yaya Babba ya koma zaginsa safe da yamma, yana cewa shi tun farko ya faɗa. Littafin kuwa, da idonta Auta ta ga mai sayar da ƙusa yana yagar shafukansa yana ƙunshe wa mutane kaya.

Wata ranar aiki da hantsi, tana tsaye a kan injin yanka, Alƙalami ya shigo shagon. Kwat ɗin nan ce a jikinsa, ta yi maiƙo a wuya, maɓalli ɗaya ya fita.

"Tauraruwata..."

Duk da komai, sai da zuciyarta ta motsa. Ta tsani kanta saboda hakan.

Ya yi kuka, ya ce ya yi nadama, ya ce yaudararsa aka yi, ya koma ɗakin Inna kuma ta yafe masa. Ya ce ba wadda ta taɓa sonsa don Allah sai ita. Auta ta saurara, har ta ja masa kujera. Ganin ta sassauta, sai ya matso ya rage murya, idanunsa suka fara ƙyalli.

Wai yana da sabon shiri. Zai rubuta littafin tonon asirin Mai Benaye, da labarin yadda shi ɗan talaka aka tilasta masa ya musanta uwarsa. Ya ce mutane na son irin wannan, zai sayu kamar me. Za a sa hoton Inna a bango, da hannuwanta a cikin ruwan sabulu.

"Ke za ki buga min. Wannan karon mun haye, wallahi."

Auta ta dube shi tun daga gashin kai har takalmi. Ta nemi mutumin da ke karanta mata labari a hanya, ba ta ga ko ƙurarsa ba.

"A da ka ɓoye ta don ka samu. Yanzu kuma za ka baje ta a kasuwa don ka samu." Ta nuna masa ƙofa. "Tashi ka fita, don Allah. Ƙyamarka nake ji."

Ya tsaya yana kiran sunayen da ya saba kiranta da su. Ta kunna injin, ƙararsa ta danne muryarsa, har ya gaji ya fita.

Da yamma ta biya wurin Inna, tana fargabar tsohuwar za ta roƙe ta ta yi haƙuri. Ta tarar da ita ita kaɗai tana guga. Auta ta durƙusa ta fara magana, kuka ya ci ƙarfinta. Inna ta ajiye dutsen gugar, ta zauna a ƙasa kusa da ita, ta ce ta riga ta san shirin nasa, don tun da safe yake bin ta da waya yana so ya ɗauki hoton hannuwanta.

"'Yata, saurare ni. Ni na haife shi, ba ni da inda zan kai shi. Ko ya sake musanta ni gobe, jibi zan buɗe masa ƙofa." Ta share wa Auta hawaye da bakin zanenta. "Ke kuwa ba dolenki ba ne. Kada ki aure shi."

"Inna..."

"Ban ce ki daina zuwa ba. Ki zo, ki kawo min mijinki in ya samu, ki kawo min 'ya'yanki in goya. Amma wannan nauyin nawa ne, bar min kayana."

Daga lungu suka jiyo takunsa yana tahowa, yana waya da ƙarfi, yana yi wa wani bayanin yawan kwafin da za a buga. Auta ta miƙe ta gyara mayafinta. Suka yi kiciɓis a bakin ƙofa, ya buɗe baki zai yi magana, ta raɓa ta gefensa ta wuce ba tare da ko gefen mayafinta ya taɓa shi ba.